Darasin Wannan Wata: Kalmar "Baba" A Hausa Da Sauran Harsuna

Darasin wannan wata a kan kalma ɗaya ne tak. Kalmar ita ce "baba". Haruffanta 4 ne, gaɓoɓinta 2. Tana cikin kalmomin farko da ɗalibin ajin yaƙi da jahilci yake koyon rubutawa. Amma duk ƙanƙantarta, ma'anoninta suna da yawa, a Hausa da kuma wasu harsunan duniya. Wanda ya gane dalilin haka, karatunsa zai ƙara kyau, kuma kamannin kalmomi ba zai ruɗe shi ba.

Baba a Hausa

A Hausa kaɗai, akwai baba iri 4.

Na ɗaya shi ne baba, wato mahaifi, ko duk wani dattijo da ake girmamawa. Wajen faɗarsa, murya takan fara daga ƙasa ta hau sama.

Ta biyu ita ce baba, wato uwa ko gwaggo. A nan murya takan fara daga sama ta sauko ƙasa. Ana kiran mata da wannan suna tun da daɗewa. Akwai wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda aka buga tarihin rayuwarta cikin littafi a shekarar 1954.

Na uku shi ne baba, tsiron nan da ake samun shuni daga ganyensa. Da shi marina suke rina tufafi, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Wajen faɗarsa, murya tana sama daga farko har ƙarshe.

Na huɗu shi ne baba, namijin da aka dandaƙe, irin waɗanda suke tsaron gidajen sarakuna a zamanin da. Jam'insa shi ne babanni. Faɗarsa ta yi kama da ta mahaifi, sai dai ana jan ƙarshensa.

A baki, Bahaushe ba ya rikita waɗannan kalmomi, domin kunnensa yana jin bambancin. Amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya. Ba ya kuma nuna wurin da ake jan wasali. Shi ya sa duka huɗun suke fitowa iri ɗaya a takarda.

Baba a wasu harsuna

Yarabawa suna kiran mahaifi baba. Fulani ma haka. A Gabashin Afirka, masu jin Suwahili na Kenya da Tanzaniya suna cewa baba. Mutanen Turkiyya da na ƙasar Sin su ma da irin wannan kalma suke kiran uba. Yaran Larabawa sukan ce baba, kuma a Larabci da wannan kalma ake kiran Paparoma. A Indiya, ana kiran dattijo ko mutum mai yawan ibada baba.

Amma a Gabashin Turai, labarin ya sauya. A Bulgeriya da Sabiya, baba ita ce kaka mace. A Rasha da Folan, baba tana nufin mace, musamman tsohuwa ko matar ƙauye. A Faransa kuwa, baba wani irin kek ne mai zaƙi, kuma daga harshen Folan Faransawa suka samo sunan. A Sifen da Fotugal, baba ita ce dalalar yawu, irin wadda take zuba daga bakin jariri.

Ke nan kalmar da wani yake girmama mahaifinsa da ita, a wata ƙasa sunan tsohuwa ce, a wata kuma yawu ne. Me ya kawo haka? Masana harsuna sun nuna dalilai 4 da suke sa kalmomi su yi kama a harsuna daban-daban.

Dalili na ɗaya: bakin jariri

Jariri ko na wace ƙasa ne, da leɓe yake fara koyon magana. Idan ya rufe leɓɓansa ya buɗe, sautin da yake fita shi ne ba, ko ma, ko pa. Sai ya yi ta maimaitawa. Iyaye su ji, su yi murna, su ce yana kiransu. A hankali sai sautin ya zama suna. Wani masanin harsuna ɗan asalin Rasha, Roman Jakobson, ya yi bayani a kan wannan a shekarar 1960.

Kowace al'umma takan ba sautin ma'anar da ta ga dama. Kalmar "mama" ta nuna haka. A Hausa, mama uwa ce, kuma nono ne. A harshen Hindi na Indiya, mama shi ne kawu, ɗan'uwan uwa. A ƙasar Jojiya kuwa, mama shi ne uba, uwa kuma ana ce mata deda. Saboda haka, don Bahaushe da mutumin Sin sun haɗu a kan baba, ba a cewa wani ya koya daga wani. Kowa daga bakin ɗansa ya ji.

Dalili na biyu: aro

Kalma takan yi tafiya tare da fatake da malamai da matafiya. Larabawa suna cewa basal. Hausawa suka ara suka ce albasa. Yarabawa kuma suna cewa alubosa. Haka sabulu ya fito daga sabun na Larabci, kwabo da sule kuma daga Turanci. Kalmar aro tana da alama. Ma'anarta takan yi kusa da ta asali, kuma tarihi yakan nuna cewa mutanen sun yi hulɗa da juna.

Dalili na uku: gado

Wasu harsuna kakansu ɗaya. Masana sun sa Hausa da Larabci da harshen Buzaye da Somaliyanci cikin babban dangi guda. Hausa tana da "mutu", Larabci yana da "maut". Masana suna ɗaukar wannan a matsayin gado daga tsohon harshen da dukansu suka fito. Amma kafin a tabbatar da dangantaka, sai an gwada kalmomi masu yawa da kuma tsarin nahawu. Kalma ɗaya ba ta isa shaida ba.

Dalili na huɗu: dace

A duniya akwai harsuna kimanin 7,000, kuma fiye da 500 suna cikin Nijeriya. Kowane harshe yana da dubban kalmomi, amma sautukan da bakin ɗan Adam yake iya yi kaɗan ne. Dole wasu kalmomi su yi karo, musamman gajeru.

Ga misali. A Hausa, gari wurin zaman mutane ne, kuma akwai garin tuwo. A Suwahili, gari mota ce, kuma daga Indiya kalmar ta zo musu. Babu abin da ya haɗa su sai kama. Haka "kai". A Hausa, kai sashen jiki ne. A tsibirin Hawai, kai teku ce. A wurin Mawori na ƙasar Niyu Zilan, kai abinci ne. A Girka kuma, tana nufin "da".

Amfanin wannan darasi

Na farko, mai karatu ya riƙa duba kalmomin da suke kewaye da kalma kafin ya yanke ma'anarta. Manomi zai iya rubuta wa malamin gona cewa, "Fari ya ɓata gero." Wani kuma ya rubuta, "Fari sun ɓata gero." Na farko rashin ruwa yake nufi. Na biyu kuwa fara yake nufi, kuma maganin feshi yake nema. Kalmomin "ya" da "sun" ne suka raba su. Kuskure a nan zai iya jawo asarar amfanin gona.

Na biyu, mai rubuta wasiƙa ya fayyace maganarsa. Idan marini ya aika wa ƙanensa takarda ya ce, "Ga kuɗin baba," ana iya miƙa wa tsoho kuɗin, alhali kayan rini ake so a sayo. Gara ya rubuta "kuɗin baban rini", ko "kuɗin Babanmu". Idan Baba sunan mutum ne, da babban baƙi ake fara shi.

Na uku, kada a yi saurin yarda da mai cewa wata ƙabila daga ƙasa kaza ta fito don kawai kalma ɗaya ta yi kama. Irin wannan magana takan jawo gardama marar amfani tsakanin maƙwabta. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Aikin aji

1. A kawo ma'anoni 4 na baba a Hausa.
2. Mene ne ma'anar baba a Bulgeriya da kuma Sifen?
3. A faɗi dalilai 4 da suke sa kalmomi su yi kama.
4. A rubuta jimloli 2 da kalmar "kuka", kowace da ma'anarta daban.
5. A tambayi wani maƙwabci mai jin wani harshe yadda suke kiran uba da uwa, a rubuta, a kai wa malamin aji.