Darasi Na Bakwai: Abin Da Ya Wajaba Ga Wanda Ya Ga Ɓatanci A Waya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani wayar nan da ke aljihunka harshe ne na biyu, kuma abin da aka wajabta maka game da harshen bakinka shi aka wajabta maka game da ita. To, sau da yawa za a turo maka murya ko hoto a WhatsApp, a ce ga wane ya zagi addini, ko ga malamin su wane ya taɓa Sahabbai, a rubuta a ƙasa wai duk mai kishin Annabi ya tura wa mutum goma. Me za ka yi?

Kada ka tura. Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurce mu a Suratul Hujurati, aya ta 6, da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari, domin kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Murya ana yanke ta, ana ɗinka ta da wata, yanzu ma har na'ura tana kwaikwayon muryar mutum. Ko da maganar gaskiya ce an faɗe ta, shi mai zagin mutum biyar suka ji shi, kai ka kai ta ga mutum ɗari biyar. Ashe wa ya fi yaɗa zagin, shi ko kai?

Kai ɗan Sifawa ko Boɗinga ko Shagari, ai ba sai an je nesa an nemo maka misali ba. Ranar Alhamis 12 ga Mayu, 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, taron matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista suka ƙone gawarta, a kan wata murya da ta tura a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, wadda aka ce ta yi ɓatanci a ciki. Babu alƙali, babu shaidu, babu tambaya. Fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan. Bayan kwana biyu gari ya rikice, aka taɓa majami'u da shagunan mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Lalle taɓa darajar Manzon Allah babban laifi ne, babu Musulmin da ke jayayya da haka. Amma malamai sun haɗu a kan cewa zartar da hukunci aikin shugaba ne da alƙalinsa: a tabbatar da lafazin, a ji shaidu, a duba hankalin mai maganar da nufinsa. Wanda ya ɗauki dutse ko fetur ya ƙwace aikin da ba nasa ba ne, kuma jini ya hau wuyansa, ko da yana kabbara.

Sa'an nan akwai dokar ƙasa, wadda samari da yawa ba su san da ita ba sai ranar da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 26, ta hana zagin mutane a fili ta hanyar kwamfuta ko waya saboda ƙabilarsu ko addininsu, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10, ko duka biyun. Sashe na 24 kuwa an sha kama mutane da shi a kan abin da ake kira cin zarafi, har 'yan jarida, sai a 2024 aka gyara shi aka taƙaita shi, amma yana nan a kan wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne domin ta da husuma. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin dokar kalaman ƙiyayya, har da hukuncin kisa a cikinsa, jama'a suka yi ca, bai zama doka ba.

Nan ne nake so ka natsu. Wasu cikinmu sun mai da ofishin 'yan sanda fagen munazara. Ɗan ɗariƙa ya yi magana, a kai ƙara. Ɗan Izala ya mayar da martani, su ma su kai ƙara. Kowa yana murna idan an kulle malamin wancan ɓangare, ya manta igiyar da ya saƙa yau ita za a ɗaure nasa da ita gobe. Zagi daban, saɓani daban. Wanda ya ce maka maulidi halal ne bai zage ka ba, ka kawo masa hujjarka. Mu ba mu daina kiran bidi'a da sunanta ba, amma da aya da hadisi, ba da ashar da hoton mutum an liƙa masa kan jaki ba. Allah Ya hana mu zagin ko da gumakan mushirikai a Suratul An'ami, aya ta 108, domin kada su rama a kan Allah. To, ina ga mai sallah? Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya kira ɗan'uwansa kafiri, kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Dattawan Sakkwato ba su manta da 2007 ba, lokacin da aka harbe Malam Umaru Ɗan Maishiyya, abin da ya biyo baya shi ne farmaki a kan gidajen 'yan Shi'a da kame-kame da rushe cibiyarsu. A lokacin ma waya ba ta kai ƙarfin da take da shi yau ba.

Dubi ƙasar da kake takawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, tafiyar da ba ta gajiyar da mai ƙafa. Sun saɓa a kan mas'aloli, kamar kaɗa tambari, da sunayen sarauta, da tufafin ado ga shugabanni. Malam Abdullahi yana tsanantawa, Shehu yana sassautawa. Yaya suka yi? Wannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta littafi, wancan ya rubuta nasa, almajirai suka kwafa suka karanta. Babu wanda ya kafirta wani, babu wanda ya aika dogarai. A waɗannan shekaru ne Shehu ya yi ta gargaɗin ɗalibai kada su yi inkari a kan abin da malamai suka saɓa a cikinsa. Tun kafin jihadi ma ya daɗe yana yaƙi da ɗaliban da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda aka jero su a littattafai ba.

Saboda haka idan abin ya shigo wayarka, ya tsaya a wurinka. Idan ka san mai maganar kuma Musulmi ne, ka same shi a keɓe, kai kaɗai, ka yi masa nasiha, watakila jahilci ne ko fushi, ya goge ya tuba. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka kai wa limamin unguwarku ko hakimi, su suka san ƙofar alƙali. Idan kuwa kai ne shugaban zauren, ka goge saƙon tun kafin a yi sallar gaba, ka kira wanda ya turo shi ka tambaye shi daga ina ya samo.