Darasi: Yadda Kyamara da Sauti Ke Buɗe Hanyar Ɗaci Idan Ta Toshe

Yau za mu ajiye waya mu leƙa asibiti, domin fasahar kyamara da na'urorin da muke tattaunawa a nan su ne suke ceto rai a cikin cikin ɗan Adam. Darasinmu a kan shawarar da toshewa ke haddasawa ne, da abin da likitoci ke yi idan hanyar farko ta ƙi.

Mene ne yake toshewa?

Hanta tana samar da ruwan ɗaci, daga kusan rabin lita zuwa lita ɗaya a rana. Wani yana taruwa a matsarmama, sauran ya bi wani siririn bututu mai faɗin kusan milimita 6 ya zuba a farkon ƙaramin hanji, ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Idan tsakuwa ko ciwon daji ya toshe bututun, ɗacin ba shi da mafita, sai sinadarinsa ya koma jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi kalar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi.

Ba kowace shawara ce toshewa ba. Ciwon hanta, zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini duk suna kawo ta. Gwajin jini da sikanin ne suke bambancewa.

Hanya ta farko: ERCP

Likita zai zura tiyo mai kyamara da fitila ta baki, ya wuce tumbi, ya isa bakin bututun ɗacin a hanji. Daga nan ya ciro tsakuwar, ko ya saka ɗan bututun roba ko na ƙarfe ya riƙe hanyar a buɗe. An fara bayyana wannan dabara a 1968. Amma a kusan mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ba ta yiwuwa: ko ƙari ya rufe hanjin, ko wata tsohuwar tiyata ta sauya tsarin ciki, ko bakin bututun ya ƙi shiguwa.

Mu masu rubuta manhaja mun san ƙa'idar: idan babban layi ya faɗi, dole a tanadi wani. Su ma likitoci suna da uku.

1. Ta fata (PTBD)

Ana duba hanta da sikanin, a soka siririyar allura ta gefen haƙarƙari har cikin wata hanyar ɗaci da ta kumbura, a bi da waya, sannan a zura tiyo. Ɗacin ya dinga zuba a jaka a waje, daga baya kuma a kan iya mayar da shi ciki. Allurar da aka fi sani a wannan aiki sunanta Chiba, sunan jami'ar Japan da ta fito daga cikinta. Matsalarta: tiyon kan goce ko ya toshe, wurin kan kamu da ƙwayoyin cuta, kuma jiki na asarar ruwa da gishiri.

2. Ta ciki da sauti (EUS-BD)

A nan fasahar ta fi burgewa. A bakin tiyon kyamara an ɗora ƙaramar na'urar sikanin mai harba sauti sau miliyan 5 zuwa 10 a daƙiƙa. Kunnenmu bai wuce 20,000 ba. Sauti na tafiyar kusan mita 1,540 a daƙiƙa a cikin nama. Ga lissafin da kwamfutar ke yi: idan amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.00004, a ninka da 1,540, a raba biyu saboda zuwa da dawowa, sai a samu kusan santimita 3. Da dubban irin wannan lissafi ake zana hoton a allo.

Da wannan likita yana gani ta bayan bangon tumbi ko hanji, har jijiyoyin jinin da zai kauce wa. Sai ya huda daga tumbi zuwa ɓangaren hagu na hanta, ko daga hanji zuwa babban bututun, ya dasa bututun ƙarfe. Ƙarfen haɗin nikel ne da taitaniyam, ana matse shi siriri, da an sake shi sai ya buɗe ya koma siffarsa. Dakta Marc Giovannini da abokan aikinsa a Marseille ta Faransa ne suka fara ba da rahoton wannan aiki a 2001. Ba jaka a waje, amma ɗaci na iya yoyo a ciki, jini na iya zuba, bututun na iya gocewa, kuma sai da ƙwararre da kayan aiki masu tsada.

3. Tiyata

A buɗe ciki a ɗinke hanyar ɗacin da ƙaramin hanji ta saman inda ya toshe. Tana daɗewa tana aiki, sai dai jinyarta ta fi tsawo, kuma mara lafiyar da ya galabaita ba lallai ya jure ba.

Me ya shafe ka a Fagam?

A Fagam da sauran garuruwan Gwaram, da an ga ido ya yi rawaya sai a nufi saiwa da sassaƙe. Idan toshewa ce, jiƙo ba ya ture tsakuwa. Ruwan da ya kwanta kuwa ƙwayoyin cuta ke samu. Shawara tare da zazzaɓi da ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari alama ce ta gaggawa, domin cutar na iya shiga jini ta kashe cikin kwanaki. A tafi asibiti ranar, kada a jira gobe. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu na kusa, daga can kuma likita zai iya tura ku babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ga inda wayarka za ta yi amfani:

- Ɗauki hoton idon mara lafiya kullum a hasken rana, ba tare da tace kala ba.
- Ɗauki hoton duk takardun gwaji da na sikanin, ka adana su wuri guda.
- Rubuta ranar da alamu suka fara da duk maganin da aka sha, har na gargajiya.
- Kafin ku kama hanya, tambayi likita ko inda za a tura ku suna yin aikin da ake buƙata.

Tura wannan darasi ga 'yan gidanku a WhatsApp. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.