An Yi Aikin Baya, Amma Ƙafa Ba Ta Daina Dindiris Ba

Wanda aka yi wa tiyatar faifan ƙashin baya yakan farka ya ji ciwon da ke tsarga masa daga ƙugu zuwa ƙafa ya ragu sosai. Sai dai bayan mako biyu ko uku hankalinsa ya tashi, don har yanzu yatsun ƙafa a sage suke. Wannan ba ya nufin aikin bai yi ba.

Likita ya cire abin da ya danne jijiyar laka ne kawai. Warkewar jijiyar kuwa sai a hankali, domin wadda ta lalace ba ta tohuwa fiye da kamar milimita 1 a rana. Ciwo ne ke fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, sagewa ce ta ƙarshe. Takan ɗauki watanni, wani lokaci ta haura shekara, kuma idan jijiyar ta daɗe a danne kafin aiki, wani ɗan wuri na iya zama haka har abada. Mafi yawan matsalar tana faruwa ne a gaɓoɓin da likitoci ke kira L4-L5 da L5-S1, shi ya sa bayan ƙafa, babban yatsa ko gefen ƙaramin yatsa suka fi shan wahala. Jin kamar tafiyar kiyashi ko tsirar allura sau da yawa alama ce jijiya na farfaɗowa.

Abin da ke hannunka shi ne tattaki kaɗan-kaɗan kullum. A makonni 6 na farko ka guji sunkuyo, murɗa jiki da ɗaukar kaya. Ka yi salla a kan kujera, addini ya sawwaƙe. Hawan babur a hanya mai ramuka ma a haƙura da shi. Mai shan taba ya daina, mai ciwon suga ya kula da sugansa.

Ƙafar da ba ta ji sosai tana iya ƙonewa ba ka sani ba, don haka ka taɓa ruwan gashi da hannu tukuna, ka riƙa duba tafin ƙafa kowane dare. Kada ka bari mai ɗori ko wanzami ya taɓa wurin da aka yi aikin, kuma kada ka sayi tramadol a kemis da kanka.

Amma idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi ya sage, ƙafa ta ƙara rauni, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa daga ɗinkin, kada ka jira ranar ganin likita. Ka tafi asibiti nan take.