Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan "tsare akwati" a Agege

TAMBAYA: Ni mahauci ne a Oko-Oba. Ƙanena ya ajiye acaba saboda yawan kame, yanzu wasu yaran tasha suna jan sa, wai in zaɓe ya zo za su "tsare akwati" wa jam'iyya mai mulki, a sallame su. Wannan aikin jam'iyya ne ko daba ce? Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Daba ce, ko da an ɗinka mata riga da hula. Wakilin jam'iyya na gaskiya a rumfar zaɓe sunansa yana wurin INEC, yana rataye da katin shaida, kuma ba ya riƙe da gora. Sashe na 227 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa kowace ƙungiya tara mutane ko horar da su domin nuna ƙarfi a harkar siyasa. Shi ya sa ba za ka ga sunan irin waɗannan yara a takardun jam'iyya ba, kuma ranar da aka kama su babu mai cewa ya san su.

A Legas tushen abin yana tasha. Agbero da ke yanka wa direban danfo da mai Keke tikiti kullum yana da ubangida, ubangidan yana da nasa, har a kai ga masu faɗa a ji. Kuɗin tikiti ke riƙe su tsawon shekara, ranar zaɓe kuma su biya bashi. Ka tuna 2023. A zaɓen 25 ga Fabrairu Peter Obi ya kayar da Bola Tinubu a Legas da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Kafin na gwamna na ranar 18 ga Maris, sai ga bidiyon MC Oluomo, shugaban kwamitin tashoshin mota na jihar a lokacin, yana cewa wanda ba zai zaɓi APC ba ya zauna a gida. Daga baya ya ce wasa yake yi. Amma ranar zaɓen an kori mutane daga layi a unguwanni da dama, wasu saboda kawai an ga sun yi kama da Ibo, kuma masu sa ido na Tarayyar Turai sun rubuta tsoratarwar a rahotonsu.

Kada mu ɗauka cutar Legas ce kaɗai. Mun san Kalare a Gombe, da Sara-suka a Bauchi, da abin da 'yan daba suka yi a Gama ta Kano a Maris ɗin 2019.

Abin da ya fi damuna game da ƙanenka shi ne Bahaushe ne a Ikko. Ɗan gari in ya fasa wa wani kai, laifinsa ne shi kaɗai. Ɗan Zango in ya yi, sai a ce "Hausawa sun kai hari", kuma mai goro da mai shayi da mai gyaran takalmi su ne za su biya. Rikicin Ketu na 1999, da na Idi-Araba na 2002, da na Fagba da ke nan kusa da ku a Oktoban 2020 ba faɗan akwati ba ne, amma duk wanda ya gan su ya san shagon wa ake fara ƙonawa. Wanda ya ba yaro kuɗin ba a Zango yake kwana ba.

Kada ka fara da faɗa, Malam, domin rashin abin yi ne ya kai shi bakin tasha. Ka ja shi mayanka, ko da wankin kayan ciki ne ko dakon nama, ya riƙa komawa gida da nasa. Ka sanar da limaminku da fadar Sarkin Hausawan Agege cewa ana zawarcin yaranmu, domin da wuya a ce shi kaɗai aka tuntuɓa. In yana son jam'iyyar ne tsakani da Allah, ya yanki katinta a mazaɓarsa, ya yi kamfe da baki, ya jefa ƙuri'arsa ya koma gida. Ka zaunar da shi yau, tun kafin ya karɓi kuɗin farko.