ANNOBA DA HAKKIN WANDA AKA KULLE: DARASI DAGA BIRNIN KATSINA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako zai duba hukuncin annoba ne, watau cutar da kan game gari ko ƙasa a lokaci guda, da abin da Shari'a ta ɗora wa Musulmi idan cutar ta tsai da tafiye-tafiye, ta rufe kasuwa, ta raba mutum da sana'arsa. Jama'a da yawa sun san rabin hukuncin, watau hana shiga gari da hana fita. Amma ɗaya rabin, wanda ya shafi abincin mutumin da aka hana fita, da bashinsa, da kuɗin hayarsa, shi ne aka fi mantawa da shi. Abin da ya auku a birnin Katsina cikin shekarar 1441 ta Hijira, watau 2020, ya isa misali.

YADDA ABIN YA ZO

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disamba 2019. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ita a Ikko, ran 11 ga Maris kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar duniya. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, an kuma hana jiragen sama na ƙasashen waje sauka a Nijeriya. A farkon Afrilu aka sami cutar a Daura, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka kulle garin, sa'an nan kullen ya iso birnin Katsina kwanaki kaɗan kafin a ɗauki azumi ran 24 ga wannan wata. Daga farkon Mayu har zuwa 1 ga Yuli Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi.

Katsina kuwa gari ne da ya ginu a kan zuwa da komowa. Tun zamanin ayarin raƙuma arzikinta yana bisa hanya ne, ko ta Kano, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi. Da ma iyakar ƙasa a rufe take tun Agusta 2019, sai ga kulle ya zo ya haɗu da ita, aka yi gaba kura baya siyaki. Ƙofar Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai cikin Afrilu 2022. Direban da ke lodi a tasha ya kafe motarsa, ɗan kamasho ya rasa na cefane, mai Keke Napep ya zauna alhali mai keken yana jiran kuɗin yini. Ɗan dako na Babbar Kasuwa, da mai shayi, da magini, da matar da ke tuyar ƙosai a cikin gida tana aika yara talla, duk abincinsu na yini ɗaya ne, in ba a fita ba, ba a ɗora tukunya. Malaman makarantun kuɗi da na Islamiyya da yawa sun yi watanni ba albashi, domin albashin daga kuɗin yara yake fitowa. Gwamnonin Arewa kuma suka shiga mai da almajirai jihohinsu na asali.

Baitulmalin gwamnati ma bai tsira ba. An tsara kasafin kuɗin Tarayya na 2020 bisa gangar mai a kan dala 57, daga baya tilas aka mai da lissafin dala 28, kuma tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni. Aikin Hajji wanda mutum wajen miliyan biyu da rabi suka halarta a 2019, a 2020 sai 'yan dubbai kaɗan daga mazauna Saudiyya aka bari, a 2021 kuma kimanin 60,000. Shekara biyu ke nan a jere babu jirgin alhazai da ya tashi daga Katsina. Dattijon da ya sayar da sa ko gona ya biya kujera sai ya zauna jira, waɗansu har Allah Ya karɓi ransu ba su je ba.

HUKUNCIN ZAMA WURI ƊAYA

Asalin wannan babi shi ne abin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da tafiyar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi zuwa Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sargu sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a ƙasar. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansaru suka saɓa, sa'an nan dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya koma. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddara zai yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Ana cikin haka sai Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya ba da labarin ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Umar ya yi godiya ga Allah ya juya.

Wannan ita ce annobar Amwas, wadda masu tarihi suka ajiye wajen shekara ta 18 bayan Hijira. A cikinta Abu Ubaida ya rasu, da Mu'azu ɗan Jabal, da Yazidu ɗan Abu Sufyan, da dubban Musulmi. Da jagoranci ya komo hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, su daina cunkushewa, daga nan cutar ta lafa. Saboda haka wanda ya ce killacewa da nisantar juna baƙin abubuwa ne da Turawa suka kawo, bai karanta tarihin sahabbai ba. Ya zo kuma cikin hadisin Nana A'isha cewa wanda ya zauna a garinsa lokacin annoba, yana mai haƙuri da neman lada, ya sakankance babu abin da zai same shi sai abin da aka rubuta masa, yana da kwatankwacin ladan shahidi.

BATUN MASALLACI

Babu abin da ya fi ƙona ran Katsinawa a wannan shekara kamar dakatar da sallar Juma'a, da tarawihi, da zaman tafsiri, har malamai suka koma karatu ta rediyo da wayar hannu. Garin da ke da hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba abin mamaki ba ne wannan ya yi masa zafi. A Kusada ma, ƙarshen Maris 2020, rikici ya tashi a kan maganar Juma'a har aka ƙone ofishin 'yan sanda.

To, amma ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas ya umarci ladaninsa, a wata ranar Juma'a da aka yi ruwa mai yawa, ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Da waɗansu suka nuna ƙyama sai ya ce wanda ya fi shi alheri ya aikata haka. Idan taɓo da santsi sun zama uzuri, ina ga cutar da ke kisa? Haka nan Annabi ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da jama'a, ya kuma aika wa wani kuturu cikin tawagar Saƙifawa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Wanda yake ganin hukuma ta yi kuskure, hanyarsa ita ce nasiha ta bakin malamai da sarakuna. Ƙone dukiya da zub da jini ba su taɓa zama hanyar tsai da Juma'a ba.

ƊAYA RABIN HUKUNCI

Nan ne darasin ya fi nauyi. Shari'ar da ta ce a zauna, ita ce kuma ta ce a ciyar. Umar ɗin da ya juya daga Sargu shi ne ya riƙe Madina a shekarar fari da ake kira Amur Ramada, watau shekarar toka, a daidai wannan zamani. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya kafa tukwane ana dafa wa dubban mutanen da suka kwararo daga ƙauye, ya haramta wa kansa man shanu da nama har launin jikinsa ya sauya, ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi, ya kuma dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa shi sata. Ma'anar wannan ita ce duk shugaban da ya rufe ƙofar kasuwa don maslaha, nauyin cikin talaka ya hau kansa gwargwadon ikonsa. Abin da aka gani a waɗansu jihohi cikin Oktoba 2020, inda jama'a suka fasa ɗakunan ajiya suka iske kayan tallafi jibge, ya nuna illar jinkirta rabo. Fasawar laifi ce, jinkirin ma abin tambaya ne gobe ƙiyama.

Nauyin bai tsaya ga hukuma kaɗai ba. Ga hakkoki biyar da suka hau kan jama'a.

Na farko, hakkin maƙwabci. Annabi ya yabi Ash'ariyyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu guda, har ya ce shi nasu ne su nasa ne. A unguwannin birni, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, limami da mai unguwa sun san gidan da ba a hura wuta ba. Wannan sani amana ne.

Na biyu, bashi. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta wajabta jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ita ta fi. Mai keke ko mai mota da ya matsa wa yaronsa ya kawo kuɗin kwanakin da doka ta hana fita, ya nemi abin da ba a samu ba.

Na uku, haya. Malaman Malikiyya ba su bar wannan ba. Shehu Halilu, cikin Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan Katsina, ya lissafa umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware yarjejeniyar haya. Dalili kuwa shi ne kuɗin haya madadin amfani ne, in an hana amfani ba da laifin ɗan haya ba, babu abin da za a biya kuɗi a kansa na waɗannan kwanaki. Irin wannan adalci ne ke cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, inda aka ce wanda ya sayi 'ya'yan itace bisa bishiya, bala'i ya lalata sulusi ko fiye, a rage masa kuɗi gwargwadon hasarar. Halin kowane shago daban ne, don haka in an sami saɓani a kai wa alƙali ko malami masani, amma kada mai shago ya ɗauka cewa sassautawarsa alfarma ce tsantsa.

Na huɗu, ɓoye abinci. Muslim ya ruwaito cewa mai ɓoye kaya don su yi tsada mai saɓo ne. Wanda ya ji za a kulle gari ya rufe rumbun gero da masara yana jiran mudu ya ninka, ya ci riba daga hawayen marayu, kuma hukuma tana da ikon tilasta masa ya fitar ya sayar.

Na biyar, zakka da ladan ma'aikaci. An ruwaito cewa Annabi ya yarje wa baffansa Abbas ya fitar da zakkarsa kafin lokacinta, malamai da yawa kuma sun kafa hujja da wannan wajen gaggauta ta lokacin buƙata, ko da yake Malikiyya sun taƙaita abin ga ɗan lokaci kaɗan kafin cikar shekara. Sadaka kuwa ba ta da lokaci. Attajirin da ya sallami yaran shagonsa ran da aka kulle, bayan sun yi masa shekaru suna hidima, ya duba ko haka zai so a yi wa ɗansa.

TANADIN GABA

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, kuma cikin Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar. Kasuwa ta ci, alhazai sun koma tashi tun 2022. Amma ba wannan ce ta farko ba. Annobar mura ta 1918 ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, ta kashe mutane masu yawan gaske. Abin da ya zo sau biyu yana iya zuwa na uku.

Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta koyar da cewa a shekarun ƙoshi ake tanadin shekarun yunwa, da ma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ya kamata kowane masallacin unguwa ya san gwaurayensa da marayunsa da masu cin yini, ya kuma riƙe ɗan asusu ko rumbu a hannun amintattu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su yarda tun yanzu a kan yadda za a yi da haya da kuɗin yini in an sake rufe gari. Malamai kuma su karantar da babin ciniki da haya kamar yadda suke karantar da babin tsarki, domin wanda ya san hukuncin zama gida bai san hakkin maƙwabcinsa ba, rabin karatu ya yi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu cikin wannan annoba, Ya karɓi niyyar maniyyatan da ba su sami zuwa ba, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, Ya kiyashe da birnin Dikko da sauran garuruwan Musulmi daga annoba da yunwa da tsada. Amin.