Gajere Ba Yaro Ba Ne: Yadda Ake Auna Ƙananan Masu Ɗaukar Ƙwallo a NFL

Duk shekara idan watan Afrilu ya ƙarato, lokacin da ƙungiyoyin NFL na Amurka ke zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, sai na sha tambaya iri ɗaya daga masu bibiyar wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka: "Malam, wai gaskiya ne ranin bak gajere ba ya kai labari?" Ranin bak shi ne ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo ya ruga da ita. Wasu ma ba tambaya suke yi ba, hukunci suke yankewa. Da sun ji an ce yaro tsayinsa ƙafa biyar da inci bakwai, shi ke nan sun soke sunansa. Maganar nan ta ishe ni, domin ko kaɗan ba ta da tushe.

Mutumin da ya fi kowa tara yadi da gudu a tarihin gasar, Emmitt Smith na Dallas, mai yadi 18,355, tsayinsa ƙafa biyar da inci tara ne. Barry Sanders na Detroit ƙafa biyar da inci takwas ne, ya ci yadi 2,053 a kakar 1997 kaɗai, kuma ya ajiye wasa da 15,269 alhali da sauran ƙarfinsa. Maurice Jones-Drew na Jacksonville ƙafa biyar da inci bakwai ne, shi ya jagoranci gasar gaba ɗaya a 2011 da yadi 1,606. To ina gajartar ta hana su?

Kuskuren shi ne ana haɗa gajarta da rashin jiki, alhali abubuwa biyu ne daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa ya san wahalar kayar da gajere kakkaura, saboda nauyinsa a ƙasa yake, ba ka samun inda za ka shiga masa. Haka yake a wannan wasa. Gajere yana ɓoyewa a bayan ƙattin layin gaba, masu tsaro ba sa ganinsa sai ya ɓullo, kuma idan aka yi karo kafaɗarsa ce a ƙasa. Jones-Drew nauyinsa wajen kilo 95 ne a kan wannan ɗan tsayi. A 2007 ya tari Shawne Merriman na San Diego, ƙato mai ƙafa shida da inci huɗu, ya shimfiɗe shi a ƙasa lokacin da Merriman ya taso wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo. Wannan ba ƙaramin mutum ba ne, gajere ne kawai.

Inda matsalar take ita ce nauyi. Idan ɗan wasa ya gaza kilo 85, a nan ne nake fara taka-tsantsan, don masu tsaron da zai riƙa karo da su sukan kai kilo 105 zuwa sama, wasa goma sha bakwai a kaka.

Yanzu ga gargaɗin da nake so a riƙe, kuma zan nanata shi: kada agogo ya ruɗe ka. A taron gwaji da ake yi a Indiyanafolis kowace shekara, ana sa yara gudun yadi 40 da gajeren wando, ba sulke, ba hular kwano, ba wanda ke bin su. Da ƙaramin yaro ya yi gudu mai ban mamaki sai kowa ya rikice. A 2014 Dri Archer, mai nauyin kilo 78, ya gama cikin daƙiƙa 4.26, Pittsburgh ta ɗauke shi a zagaye na uku. Bai cika kaka biyu ba suka sallame shi. Gudun yana nan, amma da hannu ya taɓa shi sai ya faɗi, kuma ba a iya barinsa ya kare kwatabak. Kwatanta shi da Kyren Williams, wanda ya yi 4.65 a 2022, aka raina shi har zagaye na biyar kafin Rams su ɗauka. A 2023 ya haura yadi 1,100 cikin wasa 12. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Sau nawa a wasa ranin bak ke samun yadi 40 a miƙe babu kowa a gabansa? Aikinsa yana cikin yadi biyar na farko, inda ake cunkoso. Abin takaici, har ƙungiyoyin da ke biyan ma'aikata albashi mai tsoka don su zagaya jami'o'i suna faɗawa wannan rami, sai su bar abin da suka gani a fili tsawon shekara uku su bi abin da agogo ya nuna a rana ɗaya.

To me za ka duba? Ka samu faifan wasanninsa, ka bar guntayen bajinta da ake yaɗawa a YouTube, ka kalli wasa cikakke. Ka lura da abin da ke faruwa bayan taɓawar farko: yana zubewa ne, ko yana gyara tsayuwa ya ƙara yadi biyu? Sannan, wanda ya fi komai muhimmanci, ka kalle shi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. Idan masu tsaro suka kawo farmaki, ya gane wanda zai tara? Yana sa jiki, ko yana sunkuyar da kai ya rufe ido? Koci ba zai saka kwatabak da ake biya miliyoyin daloli a hannun wanda ba ya iya tare farmaki ba, komai gudunsa. Yaron da bai iya wannan ba, benci ne makomarsa a yunƙuri na uku, lokacin da aka fi jefa ƙwallo, wanda kuwa nan ne ya kamata ƙarami ya ci abincinsa. Cafe ƙwallo kuma ba sai na tsaya bayani ba.

Sauran maganar tana wuyan masu horarwa. Darren Sproles ƙafa biyar da inci shida ne, kilo 86, San Diego ta ɗauke shi a zagaye na huɗu a 2005. Da ya koma New Orleans a 2011, koci Sean Payton bai ce sai ya riƙa kutsa shi tsakiyar layi sau ashirin a wasa ba. A kakar an miƙa masa ƙwallo sau 87, kwatabak Drew Brees ya jefa masa ya cafe 86, sannan shi ke dawo da ƙwallon da abokan hamayya suka bugo. Jimillar yadin da ya tara a kakar ita ce 2,696, wanda ya zama tarihi a gasar. Ya yi wasa har 2019, shekarun da ƙatti da yawa ba su kai ba. An san gwargwadon kayan da jikinsa zai ɗauka, aka ɗora masa daidai.

Ba na cewa babu haɗari. Tarik Cohen na Chicago, shi ma ƙafa biyar da inci shida, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2020 yana dawo da ƙwallo, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Sai dai irin wannan rauni yana samun manya ma, don haka kada a ɗora wa tsayinsa laifi.

Saboda haka, mai karatu, idan aka sake kawo maka sunan wani ƙaramin ranin bak, kada ka fara da tambayar tsayinsa. Tambayi nauyinsa, ka kalli yadda yake tare farmaki, sannan ka duba ko kocin da ya ɗauke shi ya san inda zai ajiye shi.