Zaɓi Kayan Aikin da Zai Yi Ko Babu Sabis

Matashin garin Mabai mai koyon rubuta manhaja, kada ka manta da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni babu sabis. Duk wanda aikinsa ya dogara kacokan da intanet, a lokacin sai dai ya naɗe hannu.

Saboda haka, kafin ka zaɓi kayan aiki, fara tambayar kanka: zai buɗe ba tare da data ba? VS Code da Python da Git duk suna aiki da zarar ka sauke su. Git kuwa yana adana tarihin kowane gyara a cikin kwamfutarka, sai ranar da sabis ya samu ka tura GitHub.

Ka kuma auna ƙarfin na'urarka. Android Studio na buƙatar RAM aƙalla 8GB. Ka ɗora shi a kan tsohuwar kwamfuta mai 4GB, fanka ta yi ta gurnani, batir ya mutu kafin a kawo wuta. Gara Sublime Text mai sauƙin nauyi. Mai waya kaɗai ma yana iya fara Python da Termux.

Batun sauya kayan aiki kuma, ba a yin sa don an ga wani yana yabon sabon abu a YouTube. Amma akwai ranar da ya zama dole: GitHub ta daina kula da Atom, kayan aikinta na rubuta manhaja, a Disamban 2022. Idan lokacin ya yi, kammala aikin da ke hannunka tukuna, ka gwada sabon a ƙaramin aiki, kuma don Allah ka kwafe komai a filasha kafin ka goge tsohon.